Sharhi a kan Clonezilla: mayar da Windows daga ɓoyayyen sashen faifai

Duk wanda ke kula da kwamfutoci a makaranta, ko a shagon buga takardu, ko a cibiyar da ake rubuta jarrabawa ta kwamfuta, ya san aikin da ya fi cinye masa lokaci. Kwamfuta za ta fara nauyi, ko bairos ya shige ta ta hanyar filashin wani kwastoma, ko kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya bayan an ɗauke wuta tana tsakiyar sabunta kanta, sai a yanke shawarar yi mata fomatin. Ɗora Windows ɗin kansa ba ya ɗaukar dogon lokaci. Abin da ke biyo baya ne ke gajiyar da mutum: neman diraibobin sauti da na intanet da na firinta, sake ɗora Office da CorelDRAW da manhajar karanta takardu, saka rubutun Larabci da baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, sannan a zauna ana kallon data tana ƙarewa wajen sauke sabuntawa. Idan kwamfutoci goma ne a ɗakin, kuma kowacce tana buƙatar wannan hidima sau biyu ko uku a shekara, to mai kula da su ba shi da wani aiki da ya wuce wannan.

Kamfanonin ƙera kwamfuta sun daɗe da samar da mafita. Sukan ware wani sashe a cikin faifan ajiya su ɓoye shi, su adana cikakken kwafin babbar manhajar kamar yadda ta fito daga masana'anta, sannan su tanadi maɓallin da za a danna lokacin kunnawa domin a mayar da komai yadda yake. A kwamfutocin HP maɓallin F11 ne, a Acer ana haɗa Alt da F10, a Asus F9, Lenovo kuwa ta yi wa da yawa daga cikin kwamfutocinta wani ɗan ƙaramin maɓalli na musamman mai suna Novo. Apple ma ta shigo da irin wannan sashe tun daga OS X Lion a 2011, inda ake danna Command da R a kwamfutocinta masu na'urar Intel. Matsalar ita ce mafi yawan kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, waɗanda suka biyo ta Computer Village da ke Ikeja ko titin Beirut a Kano, kuma kafin su iso an riga an goge faifansu, ko an canja shi da wani, an ɗora Windows daga filashin mai shago. Mutum zai yi ta danna F11 babu abin da zai fito, domin sashen da maɓallin yake nema ya daɗe da tafiya.

Wannan sharhi a kan Clonezilla ne, musamman a kan amfani da ita wajen sake gina irin wancan ɓoyayyen sashe da hannu. Manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta ta, tana ƙarƙashin lasisin GPL, kuma ta fito ne daga cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar Taiwan da ake kira NCHC, ƙarƙashin jagorancin Steven Shiau. Nau'in da ya shafe mu shi ne Clonezilla Live, wanda aka gina a kan Debian, wani nau'in babbar manhajar Linux, kuma girmansa bai kai gigabait ɗaya ba. Hukuncina a kanta tun daga farko shi ne cewa wajen mayar da kwamfuta daidai yadda aka bar ta, cikin sauri kuma ba tare da intanet ba, ban ga wata manhajar kyauta da ta fi ta ba; amma sauƙin da ake samu a ranar matsala, sai an biya shi da wahala a ranar shiri, kuma wahalar ta fi ƙarfin wanda bai taɓa raba faifai ba.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa za a nemi wata manhaja alhali Windows tana da nata sashen gyara. Gaskiya ne tana da shi, kuma wanda ya rubuta umarnin reagentc /info zai ga inda yake. Sai dai wannan sashe ƙarami ne, kayan gyara kawai yake ɗauke da su, ba cikakken kwafin kwamfutar ba. A zamanin Windows 8 akwai umarnin recimg wanda ke ba mutum damar ɗaukar kwafin tsarinsa da manhajojinsa, amma an cire shi da zuwan Windows 10 a 2015. Tun daga lokacin, zaɓin sake saita kwamfuta yana gina sabuwar Windows ne daga fayilolin da ke cikin wadda ake amfani da ita, don haka idan lalacewar ta taɓa waɗannan fayiloli, aikin yakan tsaya a tsakiya ya ce an samu matsala. A 2020 an ƙara zaɓin saukewa daga intanet, wanda ke cin fiye da gigabait 4, kuma ko an yi nasara, duk manhajojin da mutum ya ɗora da hannunsa sun tafi, wato an koma kan aikin yini guda da aka ambata a sama. Shi kansa ƙaramin sashen gyaran na Windows ya taɓa zama abin ciwon kai: a watan Janairun 2024 sabuntawa mai lamba KB5034441 ta ƙi shiga kwamfutoci masu yawa, tana nuna kuskure mai lamba 0x80070643, saboda tana buƙatar sarari na megabait 250 a sashen, wanda da yawa ba su da shi, har sai da Microsoft ta fitar da bayanin yadda mutum zai faɗaɗa shi da kansa.

Clonezilla tana bin wata hanya dabam. Ba ruwanta da fahimtar Windows ko gyara ta. Tana tashi ne a wajen Windows, ta kalli sashen faifan da aka nuna mata, ta kwashe duk guraben da ke ɗauke da bayani, ta matse su ta ajiye a matsayin kwafi guda. Ƙaramar manhajar da ke yin wannan aiki a cikinta, Partclone, ta san tsare-tsaren jera fayiloli a faifai, irin su NTFS na Windows da FAT da ext4 na Linux da wasu da dama, shi ya sa take tsallake guraben da babu komai a cikinsu. Amfanin wannan a bayyane yake: sashe mai gigabait 200 wanda aka cika 40 kawai a cikinsa, kwafinsa ba zai wuce 40 ba, kuma bayan matsewa yakan ragu sosai, sau da yawa zuwa wajen rabi. Idan aka zo mayarwa, tana shimfiɗa kwafin a kan sashen gaba ɗaya, don haka bairos da lalatattun fayiloli da duk wani saiti da ɗalibi ya jagwalgwala suna tafiya tare, kwamfutar ta dawo da diraibobinta da manhajojinta da firintarta kamar ranar da aka ɗauki kwafin. A kan faifan SSD aikin mintuna kaɗan ne. A kan tsohon faifai mai juyawa ya fi jinkiri, musamman da yake ana karantawa ana rubutawa a faifai ɗaya, amma duk da haka bai kama ƙafar sake ɗora komai daga farko ba.

Shirin yana farawa ne daga raba faifai, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Tsarin da na ga ya fi dacewa shi ne a rage girman sashen Windows ta hanyar kayan sarrafa faifai da ke cikin Windows ɗin, sannan a fitar da sabbin sassa uku daga sararin da aka samu. Na farko na ajiyar fayilolin mai kwamfuta ne, wanda zai fito da harafin D. Na biyu ƙarami ne, gigabait 1 ko 2 a tsarin FAT32, inda Clonezilla kanta za ta zauna. Na uku shi ne ma'ajiyar kwafi, wanda gigabait 40 zuwa 60 kan wadatar idan ba a cika Windows da manyan manhajoji ba. Dalilin raba na biyu da na uku shi ne kwamfutocin zamani masu tsarin UEFI, wato sabon nau'in BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, suna tashi ne daga FAT, shi kuwa FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4. Clonezilla tana iya yanka kwafi gunduwa-gunduwa domin kauce wa wannan iyaka, amma akwai dalili mafi ƙarfi na ware ma'ajiyar: idan aka yi ta a tsarin ext4, Windows ba ta karanta ta, ba ta nuna ta a cikin jerin faifai, kuma galibin bairos da ke bin fayiloli suna kulle su ba sa ganin abin da ke ciki. Wannan ɓoyewa ta fi ta cire harafin sashe kawai, domin harafi kowa na iya mayar da shi da dannawa biyu.

Saka Clonezilla a ƙaramin sashen ba shi da wuya: ana sauke nau'inta na zip a warware shi a ciki. Inda aikin ke tsauri shi ne sanar da kwamfuta cewa akwai abin da za ta iya tashi daga gare shi a wannan sashe. Wasu kwamfutocin, musamman na ofis irin su Dell Latitude, suna ba da dama a cikin saitin BIOS a ƙara sabon layi a jerin abubuwan tashi, a nuna fayil ɗin bootx64.efi da ke cikin foldar EFI, a ba shi suna. Wasu ba su da wannan dama, sai an tashi daga filashi an yi amfani da umarnin efibootmgr. Akwai kuma waɗanda ke mantawa da layin da aka ƙara idan batirin agogon cikinsu ya mutu ko aka mayar da BIOS saitinta na asali, abin da ba baƙo ba ne a kwamfutocin da suka kwana biyu. Wanda kwamfutarsa ke ɗauke da Linux tare da Windows ya fi kowa samun sauƙi, domin layi kaɗan zai ƙara a GRUB, manhajar da ke nuna jerin abubuwan tashi a Linux, kuma shafin Clonezilla ya yi bayanin wannan dalla-dalla, har da shawarar canja sunan foldar live zuwa live-hd da ƙara kalmar toram domin manhajar ta kwashe kanta zuwa ƙwaƙwalwar RAM ta saki faifan. Nau'in Clonezilla mai suna amd64 yana tashi ko da an kunna Secure Boot, tsaron da ke hana kwamfuta tashi daga manhajar da ba a tantance ba, wanda ya rage wata wahalar. Duk da haka, babu wani mataki a cikin Clonezilla da ke cewa a danna nan domin a ƙirƙiri sashen farfaɗowa. Mutum ne zai haɗa komai da hannunsa, kuma wannan shi ne babban gibin da ke tsakaninta da manhajojin kuɗi.

Fuskar manhajar ba ta da kwalliya ko kaɗan. Shuɗin allo ne da akwatunan rubutu, ana tafiya da kibiyoyin madannai, babu aikin linzami. Tana da harsuna da dama, har da Faransanci, wanda zai taimaki 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, amma babu Hausa, kuma Turancin nata na masana ne. Akwai zaɓin masu koyo da na ƙwararru, kuma na masu koyon ya ishi wannan aiki. Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne ba ta kiran sassa da C ko D. Tana amfani da sunayen Linux, irin su sda3 ko nvme0n1p3, sai mutum ya gane sashensa ta girma da tsari da sunan da ya raɗa masa. Saboda haka yana da muhimmanci a raɗa wa kowane sashe suna bayyananne tun a cikin Windows kafin a fara, a kuma rubuta girmansu a takarda. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, domin wanda ya shimfiɗa kwafi a kan sashen D ya shafe duk abin da ke ciki. Manhajar tana tambaya sau biyu kafin ta rubuta komai, kuma tana nuna gargaɗi da manyan baƙaƙe, amma gargaɗi ba ya amfanar wanda bai san bambancin sda3 da sda4 ba.

Akwai kuma bambancin da dole a kiyaye tsakanin ɗaukar faifai sukutum da ɗaukar sassa. Zaɓin savedisk da restoredisk na faifai gaba ɗaya ne, kuma ba su dace da wannan tsari ba, tunda ma'ajiyar kwafin tana cikin faifan da ake magana a kai. Waɗanda ake buƙata su ne saveparts da restoreparts. Ni dai nakan ɗauki sashen Windows tare da ƙaramin sashen EFI da ke tayar da ita, amma wajen mayarwa na yau da kullum sashen Windows kaɗai nake shimfiɗawa, a bar teburin rabon faifai yadda yake. Sashen EFI ana ajiye kwafinsa ne domin ranar da shi kansa ya lalace.

Inda Clonezilla ta fi burge ni shi ne abin da take yi bayan an gama zaɓe-zaɓe. Kafin ta fara aiki tana rubuto cikakken umarnin da ya yi daidai da duk abin da aka zaɓa, wanda ke farawa da ocs-sr, ta ce nan gaba ana iya rubuta shi kai tsaye. Wannan layi shi ne mabuɗin mayar da tsarin ya zama mai sauƙi ga wanda bai san komai ba. Ana kwafe shi a saka a cikin grub.cfg, fayil ɗin jerin tashi da ke ƙaramin sashen da Clonezilla take, a ƙarƙashin ocs_live_run, sannan a yi amfani da ocs_prerun wajen buɗe ma'ajiyar kwafi a wurin da manhajar ke nemanta, wato /home/partimag, a kuma saita harshe da tsarin madannai domin kada ta tsaya tambaya. Bayan haka, abin da malamin makaranta ko yaron shago zai gani shi ne layi guda, wanda za a iya rubuta shi da Hausa ma, misali "Mayar da Windows yadda take". Ya zaɓa, ya amsa tambayar tabbatarwa, ya jira, kwamfutar ta sake tashi da kanta. Ana iya cire tambayar tabbatarwar gaba ɗaya, amma ban ba da wannan shawara ba ko kaɗan, domin a ɗakin da yara ke taɓa kwamfuta wani zai shiga jerin tashi don wasa, kuma bai kamata danna maɓalli ɗaya ya isa ya shafe sashen Windows ba. Haka kuma ya fi aminci a nuna ma'ajiyar da lambarta ta dindindin, UUID, maimakon sda, saboda sunayen sda da sdb suna iya musanyawa idan an bar filashi a jikin kwamfutar lokacin kunnawa.

Abubuwa biyu a cikin Windows suna iya ɓata kwafi tun kafin a ɗauke shi. Na farko shi ne tsarin saurin tashi da ya zo tun daga Windows 8, wanda ke sa kwamfuta ta yi wani irin barci maimakon ta mutu gaba ɗaya idan an kashe ta, sai ta bar sashen NTFS a buɗe. Kwafin da aka ɗauka a wannan hali ba abin dogaro ba ne, kuma sau da yawa manhajar za ta yi ƙorafi. Umarnin powercfg /h off yana kashe shi. Na biyu shi ne BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan da ke faifai. Idan an kulle sashen da shi, Partclone ba ta iya gane inda bayani yake da inda babu, sai Clonezilla ta koma kwafe kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya da wata ƙaramar manhaja mai suna dd, kuma kullallen bayani ba ya matsuwa, don haka sashe mai gigabait 200 zai ba da kwafi mai kusan gigabait 200, wanda ba zai shiga ma'ajiyar ba. Wannan ya ƙara zama abin lura tun daga Windows 11 nau'in 24H2, wadda kan kunna kullewar da kanta a sabuwar ɗorawa idan an shiga da asusun Microsoft, ba tare da mai kwamfutar ya lura ba. Dole a duba, a kashe ta, a jira ta gama buɗewa, sannan a ɗauki kwafi. Akwai kuma ƙa'idar manhajar cewa sashen da za a mayar da kwafi a kai kada ya gaza na asali girma, ma'ana bayan an ɗauki kwafi, kada wani ya zo ya rage sashen Windows.

Batun fayilolin mai kwamfuta yana buƙatar a faɗe shi a fili, domin a nan ne ake samun saɓani tsakanin mai gyara da mai kaya. Mayarwa tana shafe duk abin da ke sashen C, har da abin da ke kan fuskar kwamfuta da foldar takardu da ta hotuna da ta abubuwan da aka sauke, kuma Clonezilla ba ta da zaɓin tsallake su. Shi ya sa sashen D yake cikin tsarin tun farko. Kafin a ɗauki kwafi, a mayar da mazaunin waɗannan foldoji zuwa D ta hanyar saitin wuri da ke cikin bayanan kowace folda, yadda ko mutum ya ajiye takarda a fuskar kwamfuta kamar yadda ya saba, a D take sauka. Wanda ya tsallake wannan mataki ya gina wa kansa na'urar shafe aikin mutane. Kuma kada a ɗauka za a iya buɗe kwafin a zaro fayil guda kamar yadda ake buɗe zip. Clonezilla ba ta tanadi wannan a saukake ba.

Rauni na gaba shi ne kwafi yana tsufa. Manhajar ba ta iya ƙara abin da ya canja kawai a kan tsohon kwafi, kuma ba ta aiki alhali Windows na gudana, don haka duk sabuntawa tana nufin a kashe kwamfuta a ɗauki sabon kwafi cikakke. Wanda ya ɗauki kwafi ya bar shi shekara biyu, ranar da ya mayar zai tarar da burauzar da shafuka suka daina karɓa da tarin sabuntawar tsaro da ke jiran data. Hanyar da ta fi tsafta ita ce lokaci zuwa lokaci, misali a ƙarshen kowane zangon karatu, a mayar da tsohon kwafin, a sabunta shi yana da tsabta, sannan a ɗauki sabo nan take kafin kowa ya saka filashi. Ɗaukar kwafi daga kwamfutar da aka yi watanni ana amfani da ita yana iya adana bairos ɗin da ake gudu, kamar yadda manhajar sata da aka ɗora tun farko take bin kwafin duk inda ya je. Masu Windows 10 kuma su tuna cewa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma kwafi ba ya sauya wannan. Yana mayar da mutum ne kan tsarin da aka daina yi wa gyara. Game da lasisi kuwa babu damuwa idan kwamfuta ɗaya ce, domin kwafin yana komawa ne kan na'urar da aka kunna lasisin a kanta.

Iyaka mafi girma ba laifin Clonezilla ba ce, ta tsarin ɓoyayyen sashe ce baki ɗaya, har da na kamfanonin ƙera kwamfuta. Kwafin yana zaune ne a faifai ɗaya da abin da yake karewa, tamkar manomin da ya ajiye irin shuka a rumbu ɗaya da abincin gida: ɓera ba zai dame shi ba idan ya rufe tukunyar da kyau, amma gobara ba ta bar masa ko ɗaya. Idan faifan ya mutu, ko aka sace kwamfutar, ko wani mai gyara ya goge dukkan sassa domin bai san amfanin wannan da ba shi da harafi ba, komai ya tafi. Na ukun ya fi faruwa fiye da yadda ake zato, tunda al'adar masu fomatin da yawa ita ce share duk sassan da suka gani. Abin sauƙi a nan shi ne kwafin Clonezilla folda ce kawai, ana iya kwafe ta zuwa faifan waje ko babban filashi, kuma akwai zaɓin recovery-iso-zip da ke haɗa kwafin da manhajar a wuri guda domin a tashi daga gare shi kai tsaye. Ɗaukewar wuta a tsakiyar mayarwa kuwa ba ta kai yadda ake tsoro ba: sashen Windows zai lalace, amma ma'ajiyar karanta ta kawai ake yi, don haka idan wuta ta dawo ana sake farawa daga farko. Inda wuta ke yin ɓarna shi ne lokacin ɗaukar kwafi, musamman idan an goge tsohon domin samar da wuri, saboda haka kada a goge tsohon sai sabon ya kammala kuma ya wuce binciken da manhajar ke yi na tabbatar da cewa zai mayu. Ko bayan wannan bincike, ya kamata a gwada mayarwa ta gaske sau ɗaya tun ranar shiri, lokacin da babu abin da za a yi asara.

Tsofaffin masu gyara za su ga kamannin wannan duka da Norton Ghost, wadda aka daina sayarwa a 2013, kuma lallai aikin iri ɗaya ne. A yau wanda ke son sakamakon ba tare da taɓa grub.cfg ba yana iya duba AOMEI OneKey Recovery, wadda aka yi ta musamman domin wannan aiki: daga cikin Windows take ware sashen, ta ɗauki kwafi, ta saka maɓallin F11 ko A a lokacin tashi. Ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai manhajar kamfani ce mai lasisi, kuma kuɗin yana taruwa idan kwamfutocin suna da yawa. Wata manhajar ɗaukar kwafi, Rescuezilla, kyauta ce, tana da fuska mai hotuna da linzami, tana kuma karanta kwafin da Clonezilla ta ɗauka, don haka ta dace a ajiye ta a filashi domin ranar da wanda ya haɗa tsarin ba ya nan. Masu shagon intanet da suka saba da Deep Freeze su sani cewa aikinta dabam ne, domin ita tana watsar da canje-canje ne a duk lokacin da aka sake kunna kwamfuta, kuma ana iya haɗa ta da wannan tsari. Ga mai kwamfuta ɗaya a gida wanda bai taɓa shiga BIOS ba, ban ga dalilin da zai sa ya ɗora wa kansa haɗa ɓoyayyen sashe da Clonezilla ba. Ya ɗauki kwafi da Rescuezilla zuwa faifan waje ya wadatar. Mai kula da ɗakin kwamfutoci iri ɗaya kuwa, wahalar ta kwamfutar farko ce kawai, domin da zarar ta kammala, Clonezilla ɗin ce za ta kwafe faifan sukutum, da sassansa da ma'ajiyarsa, zuwa sauran, sai dai a bi kowacce a canja mata suna, a tabbatar da lasisinta, a kuma ƙara mata layin tashi a BIOS ɗinta, tunda wannan layi a jikin na'urar yake zaune ba a faifai ba.